Yadda iyali za su bi hanyar horar da tunani da motsa ƙwaƙwalwa ga mai ciwon sikizofireniya

Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon sikizofireniya, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai kawo ruɗu da zargi da jin muryoyin da babu su, ya san wani lokaci da ke zuwa bayan rikici ya lafa, wanda ba a cika magana a kansa ba. An kai majinyaci asibiti, an ɗora shi a kan magani, sambatu sun ragu, barci ya dawo, muryoyin da yake ji sun yi ƙasa, dangi sun yi hamdala kowa ya koma harkarsa. Sai kuma mutanen gida su lura cewa in an aike shi cefanen abu uku da ɗaya yake dawowa, in ana hira da shi kafin a kai ƙarshen zance farkonsa ya kuɓuce masa, ɗinki ko gyaran babur da ya ƙware a kai a da yanzu ya gagare shi bi daki-daki. A nan ne ake fara ce masa malalaci, ko a ce magani ya kashe masa zuciya, alhali kuwa raunin riƙe abu a kai da raunin tattara hankali wani sashe ne na ita kanta cutar, kuma sau da yawa yakan riga jin muryoyi bayyana da shekaru.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 24 ne ke fama da wannan cuta, wato kimanin ɗaya cikin 300, kuma ta fi kama mutum tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekaru ashirin da wani abu, daidai lokacin karatu da koyon sana'a da shirin aure. Tun da aka fara amfani da maganin kulofuromazin a Faris a 1952, magungunan wannan cuta suna aiki sosai wajen kwantar da ruɗu da zargi da jin muryoyi, amma ba su taɓuka abin kirki a kan mantuwa da jinkirin tunani. A 1996 masanin halayyar ɗan Adam Michael Green na Amurka ya tattara binciken da ya nuna cewa wannan raunin tunanin ya fi muryoyi nuna ko majinyaci zai iya riƙe aiki da zama cikin jama'a. Daga nan masu bincike suka duƙufa a kan hanyoyi biyu, horar da tunani ta hanyar atisaye da kuma motsa ƙwaƙwalwa da lantarki ko maganaɗisu. Ra'ayina, bayan duba abin da aka samu zuwa yanzu, shi ne iyali su sa ƙarfinsu a kan hanya ta farko, su kuma tunkari ta biyu da ido buɗe.

Kafin a yi zancen ko wace hanya, a fara gyara tushe. A tabbatar likitan ƙwaƙwalwa ne ya gane cutar da kansa, domin akwai larurori da dama masu kama da ita, ciki har da wasu nau'o'in farfaɗiya da illar miyagun ƙwayoyi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, nan ne wuraren da ya kamata a nufa. Addu'a da magani ba sa karo da juna, amma ɗaure mutum da mari ko dukansa ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu. Sannan a tabbatar ana shan magani ba fashi, domin babu horon da zai zauna a kan mutumin da muryoyi ke zaginsa dare da rana. Idan an gwada magunguna biyu daban-daban, kowanne da cikakken awo na tsawon makonni, ba a ga sauƙi ba, a tambayi likita game da kulozafin, wanda shi ne aka tabbatar ya fi aiki a irin wannan hali, ko da yake yana buƙatar awon jini a kai a kai saboda yakan rage fararen ƙwayoyin jini.

Akwai abu ɗaya da nake so a kula da shi musamman, domin ya zama ruwan dare a wurarenmu. Ana yawan haɗa wa majinyaci maganin benzhezol, wanda aka fi sani da Artane, don rage sandarewar jiki da rawar hannu da wasu magungunan ke kawowa. Yana da amfaninsa, sai dai shi da ire-irensa suna dakushe riƙon abu a kai, har ma binciken Sophia Vinogradov da abokan aikinta a 2009 ya nuna cewa waɗanda ke shan irin waɗannan magunguna da yawa ba sa cin moriyar horon tunani kamar sauran. Kada iyali su tsayar da shi da kansu. Abin da ya dace shi ne a ce wa likita: "Ranka ya daɗe, wannan ƙaramar ƙwayar har yanzu dole ce a gare shi, ko za a iya rage ta?" Haka nan tabar wiwi tana rusa duk abin da ake ginawa, rashin isasshen barci ma haka.

Mataki na gaba shi ne a gano inda raunin yake, domin tunani ba dunƙule guda ba ne. Masana a Amurka, ƙarƙashin wani shiri na cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar mai suna MATRICS, sun karkasa shi gida bakwai: saurin fahimta, tsayar da hankali a kan abu, riƙe bayani na ɗan lokaci ana aiki da shi, koyon abin da aka ji, koyon abin da aka gani, warware matsala, da karanta fuska da nufin mutane. Masanin halayya a asibiti yana da gwaje-gwajen auna waɗannan, kuma in da hali a nemi a yi su. A gida kuwa, a samu littafi ɗan ƙarami, mutum ɗaya da majinyaci ya fi sakin jiki da shi ya riƙa rubuta abin da ya gani har tsawon mako biyu: a ina yake tsayawa in yana aiki, saƙo nawa yake iya riƙewa, minti nawa yake yi a kan abu kafin hankalinsa ya tafi, wane lokaci na yini ya fi wartsakewa. A sanar da shi ana rubutun, a nuna masa littafin, domin mai wannan ciwo yana da saurin zargi, kuma rubutu a ɓoye zai iya zama masa hujjar cewa ana yi masa leƙen asiri.

Shi horar da tunani, a yadda masu bincike suke yinsa, atisaye ne da aka tsara daga mai sauƙi zuwa mai wuya, wani a kwamfuta wani a takarda, ana yi sau biyu ko uku a mako har wata uku ko fiye, tare da ƙwararren mai horarwa a gefe. Til Wykes ta kwalejin King's da ke Landan ta tattara gwaje-gwaje 40 a 2011, masu ɗauke da mutum sama da 2,000, ta samu cewa horon yana kawo matsakaicin ci gaba a tunani, kuma ci gaban ya fi isa ga rayuwar yau da kullum idan an haɗa shi da koyon aiki ko sana'a. Bayan shekara goma, a 2021, Antonio Vita da abokan aikinsa a Italiya suka duba gwaje-gwaje 130 masu mutum sama da 8,800, suka tarar da abu iri ɗaya, suka kuma fito da abubuwan da ke sa horon ya yi tasiri: mai horarwa da ya san aikinsa kuma yake sa hannu, koyar da dabarun tunani a tsare, da haɗa horon da shirin mayar da majinyaci cikin harkokin jama'a. Wannan ya isa ya nuna cewa sauko da wata manhajar wasan ƙwaƙwalwa a waya a miƙa wa majinyaci a bar shi a ɗaki ba horo ba ne. Zai iya ƙwarewa a wasan, ya kuma ci gaba da manta saƙon kasuwa.

Tunanin haɗa jinya da aiki da zaman jama'a ba baƙo ba ne a Nijeriya. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauye a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansu ɗaya, suna zuwa asibiti da rana, suna shiga harkokin gari. Abin da binciken zamani ya ƙara shi ne dabarun koyarwar kansu, kuma waɗannan dabaru iyali za su iya aro su, muddin sun san cewa abin da za a yi a gida tallafi ne, ba ya maye gurbin shirin da ƙwararre ke jagoranta.

Ga yadda za a yi. A zaɓi manufa guda ɗaya wadda shi majinyacin yake so da kansa, ba wadda gida ke so masa ba: ya koma zama a shagon wansa, ya iya zuwa cefane shi kaɗai, ta iya dafa abincin rana daga farko zuwa ƙarshe. A ce cefanen aka zaɓa. Ranar farko mahaifiya ta ba shi abu biyu kacal, ta ce: "Babana, manja da albasa. Maimaita mini." Ya maimaita da baki sau biyu, ya rubuta a takarda ko a zana masa, ya sa a aljihu, a kuma gaya masa cewa duba takardar ba abin kunya ba ne. In ya dawo da su daidai kwana uku a jere, a ƙara na uku. In kayan sun kai shida, a koya masa ya kasa su gida-gida, kayan miya daban, kayan wanki daban, domin kai ya fi riƙe ƙulli biyu a kan abu shida warwatse. Daga baya a shigo da lissafin canji, ya faɗi nawa zai bayar da nawa za a dawo masa kafin ya fita ƙofa. Dabarun da ke cikin wannan ɗan aiki su ne ainihin waɗanda masu horarwa ke amfani da su: a fara daga inda zai ci nasara don kada kuskure ya zauna masa, ya riƙa furta matakan da baki, a janye taimako sannu a hankali har ya tsaya da ƙafarsa.

Za a iya yin irin wannan da labaran rediyo, a saurara tare na minti biyar sannan ya faɗi abu biyu da ya ji, ko da wasan dara, a riƙa tambayarsa dalilin da ya sa ya ajiye ɗansa a wannan gurbi. Zama ɗaya kada ya wuce minti ashirin zuwa talatin a farko, a wuri mara hayaniya, a lokacin da littafin nan ya nuna ya fi wartsakewa. A tashi tun bai gaji ba. A haɗa da tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ko ƙwallo sau uku a mako, domin binciken da Joseph Firth ya tattara a 2017 ya nuna cewa motsa jiki yana inganta tunanin masu wannan ciwo.

Inda rauni ya yi zurfi har horo bai kai ba, sai a gyara muhalli ya ɗauke wa ƙwaƙwalwa nauyi. Wannan ita ce hanyar da Dawn Velligan ta gwada a jihar Texas ta Amurka: a liƙa takardar matakan safe a bango inda ido zai faɗa, a ajiye magani a akwati mai gidaje bakwai, a saita ƙararrawar waya, a rage tarkace a ɗaki, a haɗa kayan sawa na kowace rana wuri guda. A gidajenmu ɗaura shan magani da wani abu tsayayye, kamar bayan sallar isha'i, yana aiki fiye da dogaro da agogo. Kuma a kiyaye harshe. Tun shekarun 1960 da 1970 binciken George Brown, sannan na Christine Vaughn da Julian Leff a Landan, ya nuna cewa majinyacin da ya koma gidan da ake yawan kushe shi ko ake matsa masa da kulawar da ta wuce kima ya fi saurin komawa ciwo. In ya dawo da abu biyu cikin uku, a yaba biyun, na ukun a sake gwadawa gobe.

Sai batun motsa ƙwaƙwalwa, wanda ya kasu uku, kuma kada a cakuɗa su. Mafi daɗewa ita ce jijjigar lantarki da likitoci ke kira ECT, wadda Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara a Roma a 1938. A yau ana yin ta ne bayan an sa majinyaci barci an kuma ba shi allurar sassauta tsoka, kuma tana ceton rai a halin da mutum ya sandare ya daina ci da sha da magana. Wani gwaji da Georgios Petrides ya jagoranta a Amurka a 2015 ya nuna cewa rabin waɗanda kulozafin bai wadatar da su ba sun samu sauƙi da aka ƙara musu ita. Sai dai ba maganin mantuwa ba ce, hasali ma takan kawo mantuwa ta ɗan lokaci. In likita ya kawo shawararta, a tambaya ko za a yi ta da allurar barci da likitan sa barci a wurin, kada a amince da ƙasa da haka.

Ta biyu ita ce motsawa da maganaɗisu, wato TMS, wadda Anthony Barker ya ƙirƙiro a Shefild ta Ingila a 1985. Majinyaci yana zaune a kujera idonsa biyu, an toshe masa kunne, ana ɗora masa wani faifai mai siffar lamba 8 a kai, yana ƙara ƙas-ƙas kamar ana ɗan ƙwanƙwasa masa fatar kai. Kafin a fara, ana neman ƙarfin da zai sa babban yatsansa ya motsa, da shi ake auna abin da za a ba shi. Ralph Hoffman na jami'ar Yale ne ya fara gwada ta a kan jin muryoyi a wajen 1999, yana aika bugu ɗaya a kowace daƙiƙa zuwa gefen hagu na kai, sama da kunne ta baya, inda ƙwaƙwalwa ke sarrafa magana, da nufin kwantar da wurin. Sakamakon farko ya ba da ƙwarin gwiwa, amma wasu gwaje-gwajen da suka biyo baya a ƙasar Holan ba su ga bambanci tsakanin na'urar gaske da ta bogi da ake kwatantawa da ita ba, haka ma wani babban gwaji a Jamus a 2015 a kan mutuwar zuciya da janyewa daga mutane. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da TMS don ciwon damuwa tun 2008, amma ba ta amince da ita don sikizofireniya ba. Illarta da aka fi gani ciwon kai ne, jefi-jefi kuma takan tayar da jijjiga, saboda haka dole a sanar da likita in akwai tarihin farfaɗiya, ko ƙarfe a cikin kai, ko ana shan kulozafin.

Ta uku, tDCS, ita ce mafi sauƙin kayan aiki: ƙaramar na'ura mai batir da soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri, ana ɗaura su a kai, wuta 'yar kaɗan ta miliamfa 2 tana ratsawa na minti 20, mutum yana jin ɗan ƙaiƙayi a fata. A 2012 Jerome Brunelin da abokan aikinsa a Liyon ta Faransa suka gwada ta a kan majinyata 30, sau biyu a rana har kwana biyar, muryoyi suka ragu da kusan kashi 31 cikin ɗari, sauƙin kuma ya kai wata uku. Wani gwaji a Holan a 2018 bai samu wannan sakamako ba, yayin da wani a Sao Paulo ta Barazil a 2020, mai mutum 100, ya ga ɗan sauƙi a mutuwar zuciya. Ana kuma gwada kunna ta a daidai lokacin da majinyaci ke atisayen tunani, bisa fatan ƙwaƙwalwa za ta fi karɓar darasi, amma gwaje-gwajen ƙanana ne kuma sakamakonsu bai zo iri ɗaya ba. Sauƙin kayanta shi ne haɗarinta, domin ana tallar irin waɗannan na'urori a intanet. Kada a saya a ɗaura wa majinyaci a gida. Inda aka ajiye kowane soso shi ke yanke ko za a kwantar da wuri ko a tayar da shi, kuma kuskure zai iya ƙona fata ko ya ƙara rikita mai ciwo.

In wata cibiya ta yi tayin TMS ko tDCS, a tafi da tambayoyi a rubuce. Wace alama ake son ragewa, muryoyi ko mutuwar zuciya ko mantuwa? Wannan jinya ce ta kuɗi ko bincike ne? Wane likitan ƙwaƙwalwa ne zai sa ido, kuma me aka tanada in jijjiga ta taso? Da me za a auna ci gaba, kuma bayan zama nawa za a tsaya in ba a ga komai ba? Duk wanda ya ce na'urarsa tana warkar da cutar gaba ɗaya, ko ya ce a ajiye magani, a tashi a bar masa wurinsa, domin a duk gwaje-gwajen da na ambata majinyata suna kan maganinsu aka ƙara musu na'urar.

In kuwa bincike ne, a sani cewa yawanci ana raba mahalarta gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su samu na'urar gaske wasu ta bogi, ba tare da an gaya musu ba, domin ta haka ne kawai ake bambance aikin na'ura da aikin sa rai. Dole a bayyana wannan a takardar amincewa, a karanta wa majinyaci ita da harshen da yake ji, kuma shi ne mai cewa eh ko a'a muddin yana cikin hayyacinsa, yana da ikon janyewa kowane lokaci ba tare da an taɓa jinyarsa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya da aka sanya wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙin majinyaci na sanin abin da za a yi masa.

Ko wace hanya aka bi, bayan wata uku a ɗauko littafin nan a kwatanta shafin farko da na ƙarshe: saƙo nawa yake riƙewa yanzu, minti nawa yake zama a kan aiki, kwana nawa ya je shago a mako. A tafi da littafin ranar ganin likita, a ba majinyaci dama ya fara bayani da bakinsa kafin ɗan rakiya ya ƙara nasa, sannan a tsayar da manufa ta gaba tare da shi.